Maiƙo A Abincin Shanun Tatsa: Abin Da Mai Sayar Da Angurya Da Dusa Ya Kamata Ya Sani



Kaka ta wuce, ɗari ya kama, ciyawar tudu ta bushe ƙayau. Yanzu ne buhun angurya da na dusa da ƙuli-ƙuli ke tashi, yanzu ne kuma rigimar bashi ke yawa a rumfunan masu abincin dabbobi. Wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san irin ta. Ka ba Bafulatani kaya bashi, bayan mako uku sai ga uwargidansa ta sauke ƙwarya a bakin rumfa.

"Alhaji, dusar nan da ka ba mu ta cinye mana mai."

"Haba Inna, yaya dusa za ta ci mai?"

"Nono dai ya ɗan ƙaru. Amma na kaɗa, na kaɗa, curin bai kai rabin na da ba. Ga shanun suna ta zawo."

Sai Alhaji ya ɗauka dabarar ƙin biyan bashi ce, a yi ta cacar baki, a rabu dutse a hannun riga. To, sau da yawa Inna ce ke da gaskiya. Abinci mai maiƙo ya kan ƙara nono, ya kan kuma kashe man shanu, ya danganta da irinsa da yawansa da yadda aka ba da shi. Tun da a wurin Fulani nono da mai na mace ne, daga ƙwaryar nan kuma kuɗinka zai fito, ya kamata ka san dalili.

Abin da ya buɗe wannan kasuwa

A da, in rani ya tsananta, garke sai ya gangara bakin kogin Kwara ya ci burgu, ko ya tsallaka ƙasar Binin, wadda tsofaffi har yau ke kira Dahome. Noman rani na shinkafa ya ci fadamu da yawa, musamman tun daga 2015 da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Jihar Kebbi. A watan Disamba na 2019 kuma gwamnatin Binin ta fitar da dokar hana shanun ƙasashen waje shiga kiwo. Mashaya ta ƙuntata, mai saniyar tatsa dole ya sa hannu a aljihu.

A gefe guda kuma kayan suna kusa da mu. Tsallaken iyaka, daga Segbana zuwa Kandi da Banikoara, ƙasar auduga ce. Binin ta haura tan 700,000 na auduga a kakar 2021/2022, fiye da rabin nauyin audugar da ba a gurza ba kuwa angurya ce. A gida ga dusar shinkafa, daga ƙananan injuna na ƙauye har manya irin na Labana a Birnin Kebbi da na WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017. Duk waɗannan kaya masu maiƙo ne.

Yadda cikin saniya ke aiki

Mahauta sun sani, saniya ciki huɗu gare ta, babbansu shi ne tumbi. Tumbin babbar saniya ya kan ci lita 100 ko fiye, watau jarka biyar masu lita 20. A cikinsa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa. Za mu kira su ƙwayoyin tumbi. Su ne ke narkar da kara da ciyawa da harawa. Saniya ita kaɗai ba ta iyawa. Aikinta shi ne ta yi ta tuƙa, wajen sa'a bakwai ko takwas a yini da dare, tana niƙa musu abincin, tana aika musu da yawu mai kashe tsami.

In ƙwayoyin nan sun ci ciyawa sai su fitar da wani ruwa mai ɗan tsami, ya bi jini ya isa hantsa. Da shi ne hantsa ke ƙera wajen rabin man da ke cikin madara. Ɗaya rabin kuwa daga maiƙon abinci da kitsen jikin saniya ya ke fitowa. Ka riƙe wannan, gama a nan maganar ta ke: rabin man shanu ciyawa ce ta zama mai. Duk abin da ya hana narkewar ciyawa ya taɓa curin Inna.

Sa'an nan ƙwayoyin tumbi suna bukatar abincin gina jiki, wanda likitocin dabbobi ke kira furotin. In bai kai kashi 7 bisa ɗari na abinci ba, sai su yi sanyi. Busasshiyar ciyawar rani kuwa ta kan faɗo zuwa kashi 3, wani lokaci ƙasa da haka. Shi ya sa za ka ga saniya ta cika ciki da kara amma tana ramewa. Watau abin da saniyarmu ta fara rasawa da rani furotin ne. Mai yana biye.

Amfanin mai da ɓarnarsa

Amfaninsa a fili ya ke. Kilo ɗaya na mai yana ba da ƙarfi ninki biyu da kwata na kilo ɗaya na hatsi. Saniyar da ta haihu, a wata biyu ko uku na farko, ba ta iya cin abin da zai biya nonon da ta ke fitarwa, sai ta riƙa narkar da kitsen jikinta. Ka ga haƙarƙari ya fito, ta daɗe ba ta nemi sa ba. Ɗan maiƙo a abinci ya kan rage wannan rama. Kuma narkewar mai ba ta ɗumama jiki kamar narkewar kara, abin da ke da amfani a zafin bazara.

To ina ɓarnar? Mai iri biyu ne. Akwai mai ruwa, wanda ba ya daskarewa ko da ɗari, kamar man gyaɗa, man angurya, man waken suya da man dusar shinkafa. Akwai kuma mai daskarewa, kamar kitse da farin ɓangaren manja. Mai ruwa shi ne abokin gaban ƙwayoyin tumbi. In ya yi yawa ya kan yi ɓarna uku.

Na farko, ya lulluɓe ciyawa. Ka shafa wa kara mai ka jefa a ruwa, ai ba zai jiƙa ba. Haka ƙwayoyin ke kasa kama shi.

Na biyu, guba ne ga ƙwayoyin da ke cin ciyawa. Don su kare kansu sai su shiga juya shi ya koma mai daskarewa. In kaɗan-kaɗan ya ke zuwa, suna gama aikin lafiya lau. Shi ya sa man shanu da kitsen saniya ke daskarewa, alhali maiƙon ciyawar da ta ci mai ruwa ne.

Na uku shi ne mafi muni. In man ya yi yawa, tumbi kuma ya yi tsami saboda yawan dusa ko hatsi da ƙarancin harawa, sai aikin juyawar nan ya tsaya a rabi, ya haifar da wani irin mai da ke bin jini ya je hantsa ya tsayar da ƙera man madara. Masana a Jami'ar Cornell ta Amurka, ƙarƙashin Dale Bauman, su ne suka gano ainihin wannan abu a shekarar 2000. A gwajin da suka yi bayan haka, giram 14 a rana, watau kimanin babban cokali ɗaya, ya rage man madarar saniya da rabi. Ka ji abin da ya cinye curin Inna. Ba sammu ba ne, ba kuma ƙarya ta yi ba.

Ban da wannan, yawan maiƙo ya kan rage wa saniya cin abinci, ya kan kuma ɗan rage furotin na madara. Mata masu yin wagashi da ruwan tumfafiya, a nan da tsallake, abin ya shafe su, gama cuku daga mai da furotin ya ke haɗuwa. Mai kuma ya kan kama sinadarin ƙashi, watau kalsiyam, su fita tare a kashi.

Lissafin iyaka

Ƙa'idar da masana abincin shanu suka tsaya a kai ita ce, duk maiƙon da ke cikin abincin saniya kada ya wuce kashi 6, in an matsa kashi 7 bisa ɗari na busasshen abin da ta ci. Bari mu kawo shi kan saniyarmu.

A ɗauki Bunaji ko Gudali mai nauyin kilo 300. Ta kan ci busasshen abinci kilo 7 zuwa 8 a rana. Kashi 6 bisa ɗari na wannan ya kama giram 450 ke nan. Ciyawa da harawa da kara su ma suna da nasu maiƙon, kashi 2 zuwa 3, wajen giram 200. Ragowar gurbi giram 250 kacal. Kwatan lita na man gyaɗa ya cike shi. Kuma in a ruwansa aka zuba, ko bai kai haka ba ya kan ɓata tumbi, domin gaba ɗaya ya ke faɗa wa ƙwayoyin.

Akwai wata hanyar auno mai sauƙi, wadda Donald Palmquist na Jami'ar Jihar Ohio ya yaɗa: duk man da saniya za ta ci, na ciyawa da na ƙari, ya yi daidai da man da ta ke fitarwa a madara. Madarar shanunmu tana da kauri, mai kashi 5 bisa ɗari ko kusa. Saniyar da ake tatsa lita 2, maraƙi ya sha lita 2, ta fitar da mai giram 200 ke nan. Kun ga bukatarta ba ta da yawa. Saniyar Turai mai lita 30 kuwa ta kan fitar da fiye da kilo guda na mai kowace rana. Kada wanda ya ji labarin gonakin Turai ya ɗora wa Bunaji awon Holstein.

Kayan kasuwa ɗaya bayan ɗaya

Angurya. Ita ce sarauniyar wannan fage. Tana da mai kashi 18 zuwa 20, furotin kashi 22 ko kusa, ga gashin auduga da ɓawo masu sa tuƙa. Manta yana kulle cikin ƙwaya, sai saniya ta tauna ya ke fita a hankali, don haka ƙwayoyin tumbi na iya ɗauka. Iyakarta rabin kilo ga kowane kilo 100 na nauyin saniya, watau kilo ɗaya da rabi ga saniyar da muka auna a sama, kuma ranar da ta ci haka kada a haɗa mata da wani mai maiƙo. Kilo ɗaya ya wadatar ga yawancin shanunmu. Kada a niƙa ta, niƙa na sakin man gaba ɗaya. An daɗe da sanin angurya na sa man shanu ya yi tauri, abin da mai talla da bazara ba za ta ƙi ba.

Amma akwai kashedi uku. In ka fasa ƙwayar za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Wata guba ce da ake kira gosifol. Tumbin babbar saniya na kashe kaifinta, amma maraƙin da bai fara tuƙa sosai ba ba shi da wannan kariya, ta kan taɓa masa zuciya har ya mutu. Kada a ba shi. Bijimin barbara ma a rage masa ƙwarai, gama tana raunana iri. Kashedi na uku, angurya ta shuka wadda aka yi wa magani, mai launin ja ko shuɗi ko ƙauri irin na maganin ƙwari, ba abinci ba ce. Ragowar iri ya kan ɓullo a kasuwa da araha bayan shuka. Dillalin da ya sayar da shi ga mai shanu ya ɗauko wa kansa shari'a.

Ƙuli-ƙulin angurya, wanda mutanen tsallake ke kira turto. Anguryar Binin da yawa masana'antun mai na Bohicon ta ke tafiya, abin da ya rage bayan tatsa shi ne wannan. Haka na wajen Funtuwa da Gusau. Iri biyu ne. Wanda aka matse da inji, ɓarɓashi mai tauri, yana da sauran mai kashi 5 zuwa 7. Wanda aka wanke da sinadari, gari-gari, kashi 1 zuwa 2. Furotin ɗinsa ya fi na angurya, maiƙonsa bai kai ba, saboda haka shi ya fi kwanciyar hankali ga saniyar rani.

Dusar shinkafa. Nan ne aka fi faɗawa rami. Tsantsar dusa, mai laushi kamar gari, tana da mai kashi 13 zuwa 18, ta shinkafar da aka turara ta kan fi haka. Man nata mai ruwa ne, kuma a sake ya ke, ba a kulle ba kamar na angurya. In aka cika wa saniya kwano da ita babu harawa, to an haɗa yawan mai da tsamin tumbi, ga zawo ga rashin man shanu. Kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. Sa'an nan ba ta ajiyuwa. Dusar ɗanyar shinkafa ta kan fara lalacewa cikin 'yan kwanaki, ta yi ɗaci da maƙaƙi, shanu su ƙi ta. Ta turararriya ta fi jurewa, domin zafi ya kashe abin da ke ɓata man. Kuma tana da ƙarancin kalsiyam, sai a haɗa da harawar wake ko ta gyaɗa da dutsen lasa.

Ta ƙananan injuna kuwa a haɗe ta ke fitowa da ɓuntu. Ɓuntu ba abinci ba ne, wajen kashi ɗaya cikin biyar nasa sinadarin yashi ne. Buhu biyu na iya zama iri ɗaya a ido, ɗaya ya ninka ɗaya a amfani. Farashinsu bai kamata ya zo ɗaya ba.

Ƙuli-ƙulin gyaɗa da tunkuza. Furotin ɗinsu ya fi na kowa a nan, kashi 40 ko fiye. Na gida ya fi na masana'anta maiƙo, gama hannu ba ya matsewa kamar inji, ga shi an soya. Rabin kilo ya isa. Babban haɗarinsa funfuna. A 1960 a Ingila talo-talo fiye da 100,000 suka mutu saboda garin gyaɗa da aka kai daga Birazil. Daga nan aka gano gubar funfuna mai suna afalatoksin. Saniya in ta ci, cikin kwana ɗaya gubar ta bayyana a madara, tafasawa ba ta kashe ta, yaran da ke shan fura da nono su ke kwasa, tana kuma cin hanta. In an janye abincin, madara ta kan wanke cikin kwana uku ko huɗu. Angurya da masara ma suna kama wannan funfuna in sun sha danshi.

Waken suya. Mai kashi 18 zuwa 20, furotin mai yawa. A soya shi sama-sama, a ɓarza, kada a mai da shi gari. Kada a haɗa ɗanyensa da abincin da aka sa wa takin yuriya. Masu ɗauko shi daga tsallake su tuna a watan Afrilu na 2024 Binin ta hana fitar da ɗanyen waken suya, sai a bincika matsayin doka kafin a loda mota.

Dusar ƙwarar manja, ragowar man alayyadi, daga kudu ta ke zuwa. Mai kashi 6 zuwa 10. Shanu ba su cika son ta da farko ba, sai an gauraya. A ƙasar Niyu Zilan, inda ake ba da ita da yawa, kamfanin madara na Fonterra ya shawarci manoma a 2015 kada su wuce kilo 3 ga saniya a rana, domin tana sauya yanayin man madara. Shanunsu sun fi namu girma, don haka namu awon ƙasa da haka ne.

Man da aka gama suyar ƙosai ko kifi. Wasu na zuba shi a kan dusa wai don ƙiba. A bari. Mai ruwa ne, a sake, kuma ya ƙone.

Man buhu na ƙasashen waje

Yanzu a shagunan magungunan dabbobi na manyan garuruwa a kan ga wani mai gari-gari ko tsaki-tsaki a buhu, ana ce da shi mai kariya. Asalinsa daga farkon shekarun 1980 ne, lokacin da Palmquist da Tom Jenkins a Ohio suka haɗa mai da kalsiyam ya zama wani irin sabulu. Wannan sabulu ba ya narkewa a tumbi, sai ya wuce ƙwayoyin lafiya, ya isa ciki na huɗu inda tsami ke da ƙarfi, a can ya rabu, hanji ya tsotse. Megalac shi ne sunan da ya fi shahara. Akwai kuma wani iri, tsantsar daskararren ɓangaren manja daga Malesiya da Indonisiya, wanda ke ƙara kaurin man madara. A 2021 a Kanada mutane suka yi ƙorafin man shanunsu ya yi tauri, har ƙungiyar manoman madara ta ƙasar ta nemi a ɗan dakata da irin wannan abinci a yi bincike.

Shin zai karɓu a nan? Ga mai shanu ruwa-biyu, irin haɗin Firiziyan da Bunaji da cibiyar NAPRI ta Shika ta daɗe tana yi, masu ba da lita 10 ko fiye, akwai magana. A kan ba su giram 200 zuwa 300 a rana a farkon tatsa. Ga saniyar ruga mai lita 2 kuwa asarar kuɗi ce. Da kuɗin waje ake sayo shi, babu furotin a cikinsa ko kaɗan, furotin kuwa shi ne abin da ta rasa. Kada ɗan kasuwa ya tara shi a rumfa sai ya san mai saye.

Gwaji kafin ka biya

Gani ya kori ji. Kada ka tsaya a bakin buhu, sa hannu har tsakiya, ka ɗebo daga buhu uku ko huɗu.

Ka sansana. Warin ɗaki mai danshi funfuna ce. Ɗaci da maƙaƙi a harshe, mai ya lalace. In tsakiyar buhu da ɗumi, ko kayan sun dunƙule, an ɗure su da danshi.

Ka fasa angurya goma da haƙori. Ƙwaya mai kyau fara ce mai ɗan rawaya. In ta yi ruwan ƙasa ko baƙi, ta yi zafi a ajiya.

Ka zuba dusa a kofin ruwa ka motsa. Ɓuntu zai taso sama, yashi ya kwanta ƙasa.

Ka murza ɗan kaɗan a farar takarda. Girman tabon maiƙo zai nuna maka turton inji ne ko na sinadari.

Ka auna da sikeli. Angurya ba ta da nauyi saboda gashinta, tiyarta ba tiyar gero ba ce. Ka auna kwanon da mai saye zai yi aiki da shi sau ɗaya, ka gaya masa kilo nawa ya ke ci.

Wajen ajiya, a ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, inda iska ke ratsawa. Dusar shinkafa a sayo ta kaɗan-kaɗan, a sayar da wuri. Angurya busasshiya da turto su ne ke jiran tashin farashi. Kuma duk abin da ya rage a ƙarar da shi kafin ruwan farko.

Abin da za ka gaya wa mai saye

A fara da kwatan kilo, a riƙa ƙarawa har mako biyu ko uku kafin a kai cikakken awo, domin ƙwayoyin tumbi su saba. A raba kashi biyu, safe da yamma. A fara ba da harawa ko ciyawa tukuna. Ruwa ya wadata. A zaɓi shanun da suka haihu kwanan nan da masu tsohon ciki, ba garke duka ba. In an ga kashi ya yi ruwa yana sheƙi, ko ga zaren ciyawa dogaye a ciki, ko tuƙa ta ragu, ko curin mai ya ƙanƙance, a rage rabi a ƙara harawa. Man ya kan dawo cikin mako biyu zuwa uku.

Lissafin riba

Saniya ɗaya a kilo guda kullum, kilo 30 a wata. Shanu goma, buhu 6 masu kilo 50. Daga Janairu zuwa Mayu buhu 30 ke nan daga ruga ɗaya. Wannan shi ne cinikin da ake so, mai dawowa kowane wata.

Mai shanu kuma ya yi nasa lissafin. Ya kwatanta kuɗin kilon abinci da kuɗin ƙarin madara da man da ya samu. In kilo ɗaya ya kai kuɗin litar madara, ribar ba a ƙwarya ta ke ba, gama da wuya saniyar ruga ta ƙara lita guda cur. Ribar tana wurin maraƙin da ya tsallake rani da ransa, da uwar da ba ta kwanta ba, ta kuma ɗauki ciki da wuri. Wannan a faɗa masa tun farko, kada a yi masa alkawarin kogin nono.

Masu sayowa da sefa su lura. Sefa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai na yuro, naira kuwa an sake ta tun watan Yuni na 2023. Buhun da ya yi araha a Segbana ranar Litinin na iya zama tsada kafin ka karɓi kuɗinka. In za ka ba da bashi, a yanke farashi da ranar biya gaban shaidu.

To, jama'a, in Inna ta sake sauke ƙwarya a bakin rumfa, kafin a ɗaga murya a tambaye ta abu uku: kwano nawa ake ba kowace saniya, da harawa ko babu, kuma yaushe aka fara. Sa'an nan ka koma ka sansana buhunka. A cikin huɗun nan za ka sami inda man ya tafi.